Kara da Tsakuwa a Ƙofar Ɗakin Yaya

Litinin, 13 ga Oktoba, bayan la'asar

Yau ma bai fito ba. Na ajiye masa fura a bakin ƙofa tun da hantsi, da azahar na ɗauke ta ta yi tsami, ƙudaje ne kawai suka amfana. Tun ranar da aka dawo da Yaya Sahabi daga ƙauyen da yake koyarwa, da takalmi ƙafa ɗaya, ba wanda ya ji muryarsa a gidan nan. Yana zagayawa bayi kafin kowa ya tashi, ya yi sallarsa a ciki, ya saki labule. Wannan fa shi ne mutumin da in ya fara surutu sai an roƙe shi ya tsaya ya sha ruwa.

Na janye keken ɗinkina daga tsakar gida zuwa bayan rumbu. Kayan ƴan lakwal, wato ƴan makarantar boko, ne suka cika mini hannu, kowace uwa na son na ɗanta tun jiya, kuma ba na so ya ɗaga labule ya yi ido biyu da rigunan yara a kan igiya. Ban sani ba ko hakan yana da amfani. Duk abin da nake yi yanzu ban san ko yana da amfani ba.

Talata, 14 ga Oktoba, bayan magariba

Kawu Kailu, yayan Inna, ya zo daga Tabla. Ya tsaya a bakin labule ya yi sallama har sau uku, ya yi nasiha, ya yi faɗa, ya koma lallashi. Shiru. Da ya gaji ya dawo ya zauna kan tabarma ya ce da mu:

"Ku ji ni da kyau. Hatsi na gona, yanzu ba ni da hannu. Amma ran da munka ƙare ɗaurin damma, in yaron ga bai hito ba, Yamai za mu kai shi wurin likitan masu ciwon kai. In ya ƙiya a kama shi."

Na ce, "Kawu, a kama shi awa akuya?"

Ya ce, "Ke Anisa, bakinki ba shi da linzami. To mi kike so? Mu zamna muna kallo nai shina ƙarewa?"

Inna gefen zanenta kawai take murzawa.

Ni ba likita nake tsoro ba. Kamun nake tsoro. Mutumin da hannuwan masu tare hanya suka riga suka riƙe shi sau ɗaya a bana, a sake danne shi a gaban uwarsa a tura shi mota? In aka yi masa haka na san ba zai dawo mana ba, ko da gangar jikinsa ta dawo.

Laraba, 15 ga Oktoba, da azahar

Madam Sa'adatu mai kula da ɗakin karatu ta zo karɓar ɗinkinta, ta zo da wata takarda. Wai gasar karatu ta shirya wa masu aron littattafai, a kan wasan dara. Ta zana gurabe talatin kamar yadda maza ke tonawa a ƙasa gindin bishiya, kowane gurbi da irin littafinsa: littafi mai kogi a ciki, na abinci, na ban dariya, wanda mace ta rubuta, da sauransu. Mutum biyu ke yi. Ba ka zuba ɗanka a gurbi sai ka karance littafin da ya dace da shi.

Na ce mata ni yanzu ina na ga kan karatu. Ta ce, "Ba don ke nic kawo ba. Yayanki abu biyu yas sani a duniya, littahi da dara. Ki gwada."

Na kwafe zanen a bayan kwalin sabulu, na karya karan hatsi goma sha biyu nawa, na tsinto tsakuwa goma sha biyu nasa. Na ajiye a bakin ƙofarsa, na tura takardar Madam ƙarƙashin labule. Na ce, "Yaya, in kana so, aje tsakuwa a bakin gurbin da kaz zaɓa, ni in nemo littahin. In ka ƙare ka tura ta ciki."

Na ji kaina kamar mai magana da rumbu.

Alhamis, 16 ga Oktoba, da sassafe

Akwai tsakuwa a bakin gurbin kogi!

Na tambayi Inna ko ita ta taɓa, ta ce ita ina ruwanta da kwalina. Na tambaye ta har sau biyu, ta ce in fita idonta.

Alhamis, bayan la'asar

Ashe neman littafi mai kogi aiki ne. Na wuni a ɗakin karatu, ɗinkin mutane na jirana. Na farko da Madam ta miƙo mini na duba ƙarshensa, wani ya nutse. Na biyu yara ne ke tsallaka ruwa a kwalekwale, na ce madalla, sai ga shi lakwal suke zuwa. Na mayar. Madam ta ce in haka zan yi ta tacewa, sai dai in kai masa littafin koyon kiwon kifi. Na ce tana da shi? Ta yi dariya, ni ban yi ba.

A ƙarshe na samu wani ɗan siriri, labarin masunci da dorinar da ta hana shi sakat. Na karance shi tsaye kafin in kawo. Ba wanda ya mutu, ba hanya, ba moto, wato babur.

Na tura shi ƙarƙashin labule. Na ga hannunsa. Ya rame.

Juma'a, 17 ga Oktoba, da hantsi

Na zauna na karanta guraben nan ɗaya bayan ɗaya. Lokacin da nake kwafa hankalina ba ya jikina. Akwai gurbin littafi mai lakwal a ciki. Akwai na doguwar tafiya a hanya. Akwai na abokai biyu. Akwai na wanda wani ya ɓace. Akwai na yaƙi. Madam ba da mugunta ta yi ba, don mutane masu lafiya ta shirya abinta.

Ba zan iya gogewa ba, takardar asali tana hannunsa. Dabara ɗaya ta rage: in riga shi. Duk gurbin da bai kamata ya shiga ba, ni zan karanta littafinsa in dasa karana a ciki. Na ajiye kara a bakin na lakwal tun yanzu.

Asabar, 18 ga Oktoba, bayan magariba

Tsakuwarsa ta shiga kogi. Ya zaɓi na abinci.

Nawa na lakwal na gama shi ɗazu. Labarin wani mushe ne, wato malamin lakwal, da aka tura wani ƙauye, ya tarar da aji na zana ba tablo, wato allo, ya yi ta fama har yara suka iya rubuta sunansu. Ba wani mugun abu da ya faru a ciki, ko ɗaya. A ƙarshe an yi masa canji, yara suka bi amalanken da ya ɗauke shi suna kiran sunansa. Na kifa kaina a kan keke na yi kuka har na jiƙa rigar ɗiyar mutane. Wannan littafi ba zai shiga ɗakin can ba in dai ina numfashi.

Lahadi, 19 ga Oktoba, da la'asar

Ranar kasuwa, motoci da moto ba sa ƙarewa. Duk wanda ya wuce sai in ji gadonsa ya motsa. Na je na roƙi maƙwabcinmu ya riƙa kashe nasa tun daga kan kwana ya turo shi da hannu. Ya ce to, bai tambaye ni dalili ba. Allah ya saka masa.

Talata, 21 ga Oktoba, da azahar

Littafin abinci ɗaya ne tak a ɗakin karatu, na Faransanci, duk girkin ciki sai da cuku da wani irin murhu da ko a gidan prefe mai mulkin garin nan ban ce akwai shi ba. Na kai masa ina jin kunya. Ya karance shi kuwa. Kuma jiya da dare kwanon tuwonsa ya dawo rabi. Inna ta riƙe kwanon tana kallo kamar an ba ta kyautar saniya. Ta ce in ƙara nemo na abinci. Na ce Inna gurbin ɗaya ne. Ta ce to wane irin wasa ne wannan marar kan gado.

Alhamis, 23 ga Oktoba, da safe

Na hanya ya hana ni barci. Ban so in rubuta komai a kansa.

Asabar, 25 ga Oktoba, bayan la'asar

Na dabbobi ya zaɓa. Na ɗauko na tatsuniyoyi, na buɗe, kura ta tare wani a daji. Na rufe. Na kai masa ɗan littafin ma'aikatan kiwo kan cututtukan awaki. Allah ya yafe mini, yayana da ya karance rabin ɗakin karatun garin nan ina ciyar da shi da zawon akuya.

Yana karatu da sauri, ni kuwa da ɗinki a wuyana. Kullum tsakuwarsa tana ciki kafin in kai rabin nawa, kuma ba ya tsallake ni, sai na zuba yake zaɓen na gaba. Wato in na yi jinkiri shi ke zama hannu wofi yana kallon bango. Yanzu da littafi nake cin abinci, da shi nake jiran ruwa a famfo. Jiya na ɗinke wa wani yaro aljihu a baya.

Lahadi, 26 ga Oktoba, bayan magariba

Gurbin wanda mace ta rubuta. Na je wurin mai shimfiɗa littattafan Kano a kasuwa, na zaɓo na soyayya wanda na san ba abin da ke ciki sai kuka da turare da dogayen motoci. Irin waɗanda Yaya ke kamawa a hannuna yana karantawa da muryar mata har in jefe shi da takalmi. Mai littattafan ya ce, "Ina Mushe, yayanki? Kwana biyu." Na ce yana lafiya. Ya dube ni, ya sunkuyar da kai, ya ƙara mini ɗaya a kai.

Kowa ya sani a garin nan. Kowa kuma yana yi kamar bai sani ba.

Talata, 28 ga Oktoba, da hantsi

Littafin soyayyar ya dawo da jan biro a ciki! Duk inda aka bar ƙugiyar harafi ya sa mata, inda aka haɗe kalmomi ya raba, a wani shafi har ya ja layi biyu ƙarƙashin wata jimla ya sa alamar tambaya. Na yi dariya ni kaɗai a bayan rumbu har Inna ta leƙo ta ga ko ni ma na taɓu.

Yana nan ciki. Mutumin yana nan.

Juma'a, 31 ga Oktoba, da azahar

Na ban dariya. Na kasa kunne wuni guda. Ban ji komai ba.

Litinin, 3 ga Nuwamba, bayan la'asar

Jiya na gama na abokai biyu, na zuba karana, sai na ga karana uku sun jeru reras. Na san dai a dara in ka jera uku ka ci. Na yi ta murna, har na ce ta bayan labule, "Yaya, na ci ka!" Da safe na tarar an cire karan an ajiye shi a ƙasa gefen kwali. Na mayar. Da azahar an sake cirewa.

Ko gurbin yake so? Ko ya yi fushi? Na zana yadda kwalin yake a takarda na tafi bakin tasha wurin Baba Hamidu, tsohon da suka shekara suna gwabza dara da Yaya gindin dogon yaro. Mace a wurin ƴan dara, duk suka bi ni da ido. Ban kula ba.

Baba Hamidu ya duba, ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ɗiyata, ba a jera uku lokacin zubi. Sai an ƙare zuba ɗiya duka, sannan a hwara tahiya da ci. Mushe ko a kabari aka yi mai wagga ɓarna sai ya tashi ya gyara."

Na ji sanyi a raina. Sai ya sake duban takardar, dariyar ta tafi. Ya ce, "Amma wanga zubi naki ba na mai son ci ba ne. Kin watsa ɗiyanki nan da can ba su taimakon juna. Tsaro kike yi." Ya ce, "In ni nig gane daga takarda, shi da ke kwana da abin ya daɗe da ganewa. In anka ƙare zubi, wanda duk yag ga dama cikin ɗiyanki shi za shi ɗauka."

Na ce, "To in ya ɗauka sai mi? Kara ne."

Ya ce shi dai dara ya sani, sauran in tambayi mai takarda.

Na matsar da karan zuwa wani gurbi. Na abokai biyu ya zauna wofi, kuma Yaya bai taɓa shi ba.

Talata, 4 ga Nuwamba, da safe

Na tambayi Madam. Ta ce ai yana rubuce a ƙasan takardar, ban karanta ba? In an gama zubi tafiya ba ta buƙatar karatu. Amma duk wanda ya ci ɗan abokinsa, sai ya karɓi littafin da ɗan ya zauna a kansa ya karanta. Wai don kowa ya ɗanɗana zaɓin ɗan'uwansa.

Wato duk abin da na tara don in ɓoye masa, na tara masa ne wuri ɗaya. Kuma takardar tana hannunsa tun ranar farko.

Na ce, "Madam, kin kashe ni." Ta ce, "Anisa, wataƙila ba ke za ki zaɓa mai ba har abada." Na kwashi littattafaina na fito ban yi mata sallama ba. Ita tana da bakin magana, ba ita ke jin motsin gadonsa ba.

Juma'a, 7 ga Nuwamba, bayan la'asar

Amalanke sai shigowa suke da damma. Bana hatsi ya yi kyau, kowa na hamdala. Ni kaɗai ce a garinmu Kurfai ke addu'ar aikin gona ya yi tsawo.

Litinin, 10 ga Nuwamba, da azahar

Mun kusa gama zubi. Yana cin abinci, ba da yawa ba. Jiya na ji yana zuba ruwa a buta da rana tsaka, na leƙa, labulen ya ɗan motsa. Bai fito ba.

Na ɗauki almakashi na buɗe littafin mushen nan, na ce bari in cire shafukan ƙarshe kawai. Na riƙe, na riƙe, na ajiye. Mutumin da ya ga ƙugiyar da ta ɓace ba zai ga shafi ya ɓace ba?

Alhamis, 13 ga Nuwamba, da hantsi

Tsakuwarsa ta ƙarshe ta shiga. Saura karana ɗaya. Littafin yana ƙarƙashin matashina, gurbin na littafin da ya girme ni ne, wani tsohon labarin fatake. Na gama shi tun jiya. Ban zuba ba.

Asabar, 15 ga Nuwamba, bayan magariba

Ban zuba ba. Na ce ta bayan labule littafin yana da kauri.

Litinin, 17 ga Nuwamba, bayan la'asar

Kwanon tuwo ya dawo yadda na kai shi.

Yau wata tsohuwa ta yi sallama. Mahaifiyar Ashiru ce, abokin aikin Yaya, wanda suka tafi ƙauyen tare ranar komawa lakwal, shi kuma bai dawo ba. Ban taɓa rubuta sunansa a nan ba. Ta zauna a zaure, ta ƙi shigowa, ta ƙi shan ruwa. Ta ce da Inna, "Ba damunku niz zo yi ba. Cewa niy yi ko ya ce wani abu." Inna ta ce har yanzu. Tsohuwar ta gyaɗa kai ta ce, "To. In ya yi magana a tuna da ni. Kowa ya ce mini bai sani ba. Shi ɗai ne bai ce ba tukuna."

Zaure da ɗakin Yaya bango ɗaya ne ya raba su. Allah ya sa barci yake.

Laraba, 19 ga Nuwamba, da safe

Bai ci ba. Bai ci ba. Furar ma bai taɓa ba.

Ya turo mini duk littattafan da ke wurinsa waje, an jera su a kan juna. Kwalin kuma ya juya shi, gefen da nake zama yana fuskantar ƙofar ɗakina.

Alhamis, 20 ga Nuwamba, bayan la'asar

Kawu ya yi waya. Sun gama, hatsi ya shiga rumbu. Litinin da safe zai zo da mota da mutum biyu.

Inna ta same ni a bayan rumbu. Ban san tana lura da wasan ba. Ta ce, "Wanga kara da ke cikin gwangwanin alluranki, na mine ne?" Na ce Inna ba za ki gane ba, in na zuba zai karɓi abin da zai karya shi. Ta ce, "Yanzu da kinka riƙe, a tsaye yake?"

Sai na hau ta da faɗa kan ta taɓa mini gwangwani. Ta bar ni na gama ta tafi.

In na zuba, zai karanta abin da nake gudu. In ban zuba ba, Litinin za a danne shi. Na juya abin ta kowane gefe, ba gefen da ba ƙaya.

Juma'a, 21 ga Nuwamba, bayan magariba

Na zuba, bayan an sauko daga masallaci.

Ko tashi ban yi ba hannunsa ya fito ya matsa tsakuwa. Ashe yana zaune dab da labulen. Na matsa kara, ya matsa. Ban san abin da nake yi ba, ina dai gudu da ƴaƴana kamar kaza ta ga shaho. Ba a jima ba tsakuwa uku suka jeru.

Hannun ya tsaya a sama. Ya wuce na yaƙi. Ya wuce na hanya. Ya sauka kan na lakwal ya zare shi.

Na ce, "Yaya, don Allah ɗauki wani. Ga na hwatake, yana da daɗi wallahi." Hannun ya ajiye karan, ya buɗe tafinsa, ya tsaya. Na ce Madam ta karɓi abinta. Hannun bai motsa ba. Na ce ya ɓace. Bai motsa ba.

Na tashi na ɗauko na ɗora masa. Da shafukansa duka.

Asabar, 22 ga Nuwamba, da azahar

Shiru. Ban taɓa keke ba. Ina zaune inda zan ga labulen.

Lahadi, 23 ga Nuwamba, bayan la'asar

Wajen hantsi muka ji. Da farko na zaci tari ne. Ban taɓa jin namiji babba yana kuka haka ba, kamar ana ciro abin daga cikinsa da ƙugiya. Na zabura zan shiga, Inna ta damƙe mini hannu, ban san tana da wannan ƙarfi ba. Ta ce, "Bar shi." Muka tsaya a tsakar gida mu biyu, hayaniyar kasuwa na shigowa ta kan katanga.

Ya daɗe. Yanzu ya yi shiru, kuma ban san wane irin shiru ba ne. Ni na ba shi. In wani abu ya same shi ni ce.

Gobe Litinin.

Litinin, 24 ga Nuwamba, da azahar

Kawu ya iso da hantsi. Mutum biyun suka tsaya a zaure, ɗaya na ga igiya ta leƙo daga aljihunsa, yana ta tura ta ciki don kada Inna ta gani. Ban san lokacin da na je na tsaya a gaban labulen ba. Na ce duk mai shiga sai ya bi ta kaina. Kawu ya ce, "Anisa, kada ki sa abin ga ya hi haka wuya." Idonsa ya yi ja, shi ma ba daɗi yake ji ba. Na ce ban kaucewa.

Sai na ji daga bayana an ce, "Anisa, kauce."

Muryar ta dushe kamar ta wanda ya tashi daga zazzaɓi. Ban kauce ba sai da ya sake faɗa.

Ya fito yana kare ido da hannu. Gemu ya cika masa fuska, rigar ta yi masa yawa. Ya durƙusa ya gaida Inna, ya gaida Kawu. Ya ce, "Kawu, sallami mutanen ga. Ina son ganin likitan, ba ni barci. Amma da ƙahwata za ni shiga mota." Kawu ya juya ya ce da mutanen su je su sha shayi.

Yaya ya ce a ba shi ruwa ya yi wanka. Da ya fito ya ce mota ta ɗan jira, akwai inda zai fara zuwa, kuma in raka shi don ƙafarsa ba ta da ƙwari. Ban tambaye shi ina ba. Muka bi ta bayan kasuwa, yana tafe yana dafa bango. Moto ya wuce mu, ya tsaya cak ya runtse ido, na riƙe masa hannun riga har ƙarar ta yi nisa. Sannan ya ci gaba.

A ƙofar gidan su Ashiru ya ce in jira a waje. Ya yi sallama, na ji tsohuwar ta amsa, na ji abin da ke hannunta ya faɗi.

Na zauna a kan dakali. Can sai na fara jin maganarsa ta cikin bango, a hankali, yana yi yana tsayawa, yana sake ɗauka. Ban ji abin da yake faɗa ba, kuma ban matsa kusa ba. Kawu ya aiko a ce rana tana yi, na ce a gaya masa ya jira. Yayana yana magana.